Godiya ga masu shagon kwamfuta na saman bene a Beirut Road

Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata sakandiren ƴan mata da ke wajen Gwale, kuma ni aka ɗora wa haɗa sakamakon jarrabawa da kula da ɗan ɗakin kwamfutar makaranta, ba don na fi kowa iyawa ba sai don duk aikin da aka rasa mai ɗauka kaina yake faɗowa. Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga wani shagon kwamfuta da ke saman bene a Beirut Road, da Alhaji mai shagon da yaransa, musamman yaron da ke zaune a teburin gyara wanda suke ce wa injiniya. Ban sa sunan shagon ba saboda ban nemi izininsu ba, kuma kar wani ya ce biya na aka yi in yi talla, amma in sun karanta za su gane kansu.

Sai kun san halin da na fito za ku gane me ya sa har na zauna rubuta wannan. Laftof ɗin da nake da ita kafin nan a wani shago na saya, ba zan faɗi inda yake ba, da kuɗin adashina kaf, mai shagon yana ta nuna min sitika yana cewa Hajiya wannan injinta Core i7 ne, babu wadda ta fi ta a layin nan, ya rantse ya kuma rantsewa. Na kai gida, batir ba ya kai ka daga la'asar zuwa magariba, da an ɗauke wuta sai ka fara rige-rige da ita, in na buɗe Excel mai sunayen ɗalibai aji uku sai ta tsaya tana tunani, fanka na ihu, ƙasanta ya yi zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya, ga zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40. Da na mayar sai ya kalle ni sama da ƙasa yace kaya in sun fita ba sa dawowa, kuma wai ni ce ban iya amfani da ita ba. Ko rasit bai ba ni ba tun farko, wai littafin ya ƙare. Word ɗin da ya sa min kuwa bayan ɗan lokaci ya fara fito da jan rubutu a sama yana cewa ba na gaskiya ba ne, ranar da nake buga tambayoyin jarrabawar zango na biyu ya ƙi bari in gyara ko harafi ɗaya. Wallahi ranar sai da na yi hawaye a ofishin malamai, ƙarshe da hannu na rubuta aka kai wajen masu fotokofi.

To da wannan zuciyar na hau benen shagon nan, na shirya faɗa tun daga cikin adaidaita. Abin da ya fara kashe min jiki shi ne yaron bai nuna min kwamfuta ko ɗaya ba, kujera ya jawo min yace Malama zauna tukun, me kike yi da kwamfuta? Nace ban gane ba. Yace aikin da za ki sa ta, shi zai faɗa mana wadda ta dace da ke. Na lissafa masa, buga tambayoyi, tsarin darasi, sakamakon ɗalibai, wani lokacin in haɗa da majigi in nuna wa yara hotuna, da dare kuma karatun ƙaro ilimi da nake yi ta intanet. Yace to ai ba kya buƙatar mai tsadar can da idonki ke kai, ya sauko da wata ta hannu daga ƙasan kanta wadda kuɗinta bai kai waccan ba. Ni tunda nake shiga kasuwa ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya janye ni daga kaya mai tsada zuwa mai araha ba, har sai da na fara zargin ko akwai wata a ƙasa.

Ashe babu komai. Ya karɓi tsohuwar tawa ya buɗe inda ake ganin bayanin injinta ya nuna min lamba, yace i7 ce da gaske amma tsohon ƙira, zubi na 4 ce, irin na wajen 2013, kuma lambar farko bayan ɗan layin da ke bin i7 ko i5 ita ke nuna zubin, in kin ga 8250 to na 8 ne, in kin ga 4600 to na 4. Yace i5 ta zubi na 8 ta fi wannan i7 ɗin taki ƙarfi nesa ba kusa ba, sitika dai ake sayar wa mutane. Sannan ya faɗa min abin da ba wanda ya taɓa faɗa min, cewa kamfanin Microsoft sun daina kula da Windows 10, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida sai daga zubi na 8 zuwa sama take hawa, don haka duk wanda zai saya yanzu ya sa wannan a lissafi. Wadda ya ba ni HP EliteBook 840 G5 ce, RAM 8, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, da ma'ajiyar SSD maimakon tsohon faifan nan mai juyawa. A gabana ya buga wani umarni kwamfutar ta fito da rahoton batir, ƙarfin da ya zo da shi daga kamfani da wanda ya rage masa yanzu, yace kin ga ya ɗan ci, ba zan ce miki sabo ne ba, in kina so a canja ga kuɗinsa daban. Na ce a canja. Rasit har da lambar jikin kwamfutar ya rubuta.

Inda ya gama da ni kuwa wajen haruffan Hausa ne. Shekara da shekaru in zan buga ƙ ko ɗ ko ɓ sai dai in kwafo daga wata tsohuwar takarda in liƙa, ko in buga a waya da kibod ɗin Gboard in tura wa kaina, kuma malamar Hausa ba za ta ba yara takardar jarrabawa da baƙaƙe marasa lanƙwasa ba alhali ita ke rage musu maki a kai. Na ambata ne kawai cikin hira, sai yace ai Windows tana da kibod na Hausa a cikinta, kyauta, ya ƙara min shi, yace ki danne Alt na hannun dama ki taɓa k. Ƙ ta fito. Na yi ta dannawa ina dariya ni kaɗai, yaran shagon suna kallona. Ya ƙara min da wani salon rubutu mai suna Andika wanda haruffan ke fita tsaf ko an buga a takarda, don wasu salon sai ka ga akwati ya fito a wurin harafin.

Da na ga haka sai na kawo masa maganar makaranta. Muna da tsofaffin kwamfutocin tebur da ƙurar hunturu ta cika musu ciki, wani da aka taɓa kira ya duba yace duk a zubar a sayi sababbi, kuma shi zai kawo. Kuɗin kuwa na iyayen yara ne da aka tara da kyar. Alhaji ya bar yaron ya zo ranar Asabar, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya busa ƙurar, wadda ta mutu yace ta mutu, sauran ya sa musu Linux Mint a madadin Windows da LibreOffice a madadin Word da Excel, yace halal ne kyauta ne ba sata ba, kuma suna buɗe takardun Word da Excel. Bai ɓoye min ba yace wani lokacin tsarin shafi zai ɗan goce in aka kai wata kwamfutar, gara a mayar da takarda PDF kafin a kai bugu. Malamin lissafi ya samu manhajar lissafi ta GeoGebra, ni kuma ya sa min manhajar Kiwix da ake karanta Wikipedia ta Hausa da ita ba data, wanda a makarantar da ba ta da intanet ba ƙaramin abu ba ne. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai yarinyar da ranar jarrabawar ce rana ta farko da za ta taɓa linzami, hannu na rawa, ta san amsa amma lokaci ya cinye ta. Yanzu ƴan aji shida namu suna shiga rukuni-rukuni suna koyon danna A B C D da wucewa tambaya ta gaba. Ba duka malamai ne suka so Linux ɗin ba fa, akwai wanda har yau yake ƙorafi wai maɓallan ba sa inda ya saba, ni kuma ra'ayina tunda tana kunnuwa kuma ba ta kama bairos daga filashin kowa, a bar ta haka.

Injiniya, ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan magabata, ya ba ka naka shagon. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, kuma dan Allah ka riƙe yaron nan da kyau.

Abin da ke damuna shi ne me ya sa wannan ya zama abin mamaki har sai an rubuta wasiƙa. Malamai nawa ne a garin nan suka ci bashi ko suka jira adashi suka sayi kwamfutar da ba ta kai zango ɗaya ba? Ka shiga wani shagon, da sun ga mace da hijabi da jakar makaranta shikenan sun samu nama, farashi ya canja, tambaya ɗaya in ka yi a amsa maka da Turancin da aka san ba za ka bi ba. Caja ta jabu a ce maka orijina, batir da aka yi wa dabara ya nuna cike, kwamfutar da aka tilasta wa Windows 11 alhali ba ta cancanta ba a sayar maka ba bayani. Kuma ba ƴan kwamfuta kaɗai ba, haka masu gyaran waya, haka masu haɗa sola, wanda ya sa wa wata abokiyar aikina batir ɗin inbata har yau in ta kira shi sai yace yana hanya. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da ke karɓar kuɗin mako a hannun masu shaguna, ko dokar ba da rasit mai lambar kaya ce ku kafa mana, da wurin da mutum zai kai ƙara in an cuce shi ba sai ya san wani ba.

Malama, daga Gwale, Kano