Mu ma muna da reshe a ƙasa biyu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata. Ni mai shayi ne a Maigatari, teburina yana kan hanyar kara, kuma rediyona ba ta hutawa daga sallar asuba har na kife kofuna. Ranar Lahadin da ta wuce ina tsaka da suyar ƙwai na ji shirinku a kan kamfanin nan na Amurka, McDonald's, da yadda abin da yake sayarwa a Indiya ya sha bamban da na Pakistan, alhali maƙwabtan juna ne. Shirin ya yi armashi, har wani direban tirela ya bar shayinsa ya huce don sauraro. Amma akwai inda muka raba hanya da baƙon da kuka gayyato, shi ya sa na ari wayar ɗana na rubuto.

Ga wanda shirin ya wuce shi: kamfanin ya shiga Indiya a 1996, ya shiga Pakistan a 1998, inda ya fara da birnin Lahore. A Pakistan ana sayar da babban bogan nan nasu (burodi mai nama a tsakiya), Big Mac, da naman shanu yankan halal. A Indiya kuwa babu naman shanu, babu na alade. Sai suka ƙirƙiro wani suka sa masa Maharaja Mac, da fari da naman tunkiya, daga baya suka koma kaza. Akwai kuma McAloo Tikki, wanda ko ƙwalli na nama babu a ciki, dankalin Turawa ne da koren wake da kayan yaji aka danƙara aka soya aka cusa a burodi. Wani yaron unguwarmu da ya yi karatu a can ya ce mini hatta wurin girkin raba shi ake yi, ɓangaren masu nama daban, na marasa cin nama daban. Ya ce ranar da ya fara cin na dankalin sai da ya buɗe burodin yana neman inda naman ya faɗi.

Baƙonku ya kira wannan girmama al'adar mutane. Ranka ya daɗe, ni da na shekara ashirin da ɗoriya a bakin tukunya ban yarda ba. Ciniki ne. Wanda ya ɗora tukunya a garin da mafi yawan mutanensa suke ɗaukar saniya abar tsarkakewa, in ya soya namanta, shi zai ci kayansa, in ma an bar shagon a tsaye. Ba na zagin kamfanin, don abin da kowane ɗan kasuwa mai hankali zai yi ke nan: ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da wayon kasuwa ya zama halin kirki.

Na san haka ne saboda mu ma muna da reshe a ƙasa biyu, kada ka yi dariya. Ni ina nan Maigatari, ƙanena yana Dungas a jihar Damagaram ta Nijar, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a hannun kawunmu ɗaya muka koyi sana'ar. Har benci da tukunyar da ya fara da su ni na ba shi. Amma in ka zauna a teburina da safe ka je nasa da yamma, za ka rantse ba mu taɓa haɗa hanya ba.

A wurina Lipton ne sarki. Mai hali ya ce a yi masa haɗin kauri, Bournvita ko Milo da madarar gwangwani har cokali ya kusa tsayawa, wanda aljihunsa ya yi sanyi ya sha ruwan bunu ya yi hamdala. Burodinmu mai laushi ne mai ɗan zaƙi, a yanka a shafa Blue Band, a tsoma a shayi ya jiƙe. A wurin ƙanena Nescafé ne a gaba, da madarar nan mai kauri mai zaƙi da ake tsiyayowa daga hudar gwangwani. Burodinsu dogo ne kamar zira'i, bayansa da tauri, cikinsa da ramuka. Tsaga shi ake yi a tsaye, a shafe shi da mayonas, a shimfiɗa ƙwai da albasa, a naɗe a takarda a miƙa wa mutum ya tafi yana ci. Ko lissafin kuɗin daban ne. Ni ina cewa ɗari biyar, shi yana cewa dala ashirin, yana nufin sefa ɗari, kodayake naira ma tana karɓuwa a wurinsa.

Wata shekara na ce bari in gwada wayo. Na sa aka kawo mini dogon burodin nan guda ashirin ranar Alhamis, ranar da kasuwarmu take ci, na jera su a cikin kwali suna leƙowa. Mutanen ƙetare da suka kawo shanu da raƙuma suka ɗauki shida. Sai ga wani dattijo, dillali ne, ya fi shekara goma yana karyawa a wurina. Na yanka masa, ya gatsa, ya dakata, ya ciro ya duba, ya taɓa haƙorinsa na gaba da ɗan yatsa. Ya ce, "Kai yaro, sanda ka ba ni ko burodi? In korar mu kake so ka yi, ka faɗa mana da baki." Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," na sauya masa da namu. Kashegari ragowar sun bushe sun zama itace, awakin gidanmu ne suka ci riba. Ƙanena ma ya taɓa gwada namu a can, suka ce masa auduga ce, ba ta riƙe ciki, kuma wa ya ce a zuba wa burodi sukari?

To a nan ne nake ganin labarinmu ya fi na Indiya da Pakistan abin mamaki. Tsakanin Lahore da Amritsar ta Indiya tafiyar kilomita hamsin ce ko kusa da haka, duka ƙasar Punjab ce kafin a raba ta a 1947, amma su addini ne ya raba musu tukunya, kowa ya san dalili. Mu fa? Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, muna auren juna, in an yi rasuwa a can motoci ake cikawa daga nan. Tuwon gero da miyar kuka ɗaya ne, furar da muke sha ita suke sha, illa su ce hura. Abin da bai zo da Bature ba, iyaka ba ta taɓa shi ba. Amma shayi da burodi da bota, duk abin da ya biyo Turawa, ya tsaya cak a inda Ingila da Faransa suka kafa turakunsu tsakanin 1906 da 1908. Mu muka gaji Lipton da burodin gwangwani, su suka gaji kofi da dogon burodi. Yau shekara sittin da wani abu da tafiyar Turawan, har yanzu harshenmu yana tsayawa a shingen kwastan.

Abu ɗaya na gani da ya tsallaka ba fasfo, shi ne Indomie. Ƙanena ya ce samarin can yanzu in babu ita tashi suke yi. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020 da aka buɗe ta Maigatari, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, kukan da ya fi yi mini a waya na katan ɗin taliyar nan ne, ba na sukari ba.

Sai maganar mai kiran wayar nan da ya ce abin kunya ne a ce har yau McDonald's ba shi da shago a Najeriya. Gaskiya ne babu shi a nan, babu shi a Nijar. A Afirka sai irin su Maroko da Masar da Afirka ta Kudu. Amma ni ban ga abin kunya ba. Burger King ya buɗe a Legas a 2021, KFC tun 2009 yake ƙasar nan, kuma shi ma da ya ga bakin ’yan Najeriya sai da ya sa shinkafa a jerin abincinsa. Duk ranar da ɗayansu ya yi niyyar tsallako Kano ya nufo mu, zai tarar da gurasa bandashe da tsire da ƙuli-ƙuli suna jiransa. Burodi da nama a tsakiya dai ba yau muka fara gani ba.

Roƙona, Malam Edita, ku turo wakilinku Maigatari wata Alhamis. Ya karya a teburina, in haɗa shi da ɗan acaɓa ya kai shi wurin ƙanena, ya ɗauko muryoyin masu ci a ɓangarorin biyu, ya tambayi masu kilishi da masu dambun zogale su ma. Shayin safe a kaina yake. Na yamma kuwa ya tanadi sefarsa, don ƙanen nan nawa ko ni ba ya ba ni bashi.

Wassalam.

Mai sauraronku kullum,
wani mai shayi a hanyar kara,
Maigatari, Jihar Jigawa.