Gaisuwa daga Zanzibar

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya ƙoƙari? Da fatan kowa lafiya. Kwana biyu ka ji ni shiru, aiki ne ya kawo ni Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, kuma tunda na san ka da son tsofaffin gine-gine nace bari in rubuto maka da ɗan tsawo.

Tsohon garin da suke cewa Stone Town a bakin teku yake, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 2000. Lungunan ƙanana ne sosai mota bata shiga, sai babur da keke, gidajen kuma da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina su. To anan wahalar gyaran take, don wannan dutsen yana shan ruwa yana fitarwa, in ka shafe shi da siminti sai damshi da gishiri su maƙale a ciki, daga waje bango sumul amma ciki yana rugurgujewa, shi yasa masu gyaran gaskiya suke komawa farar ƙasa duk da tafi cin lokaci. Na tsaya kallon wani magini yana yaɓe, kaɗan kaɗan yake sawa yana yayyafa ruwa, baya gaggawa ko kaɗan. Ɗakunan ma zaka ga basu da faɗi, saboda azarar rufin itacen nan ne dake tsirowa cikin ruwan gishiri, iya tsawonsa iya faɗin ɗaki.

Wanda ya fi burge ni a cikin waɗanda aka gyara shine Old Dispensary, wato tsohon ɗakin shan magani. Wani attajiri ɗan Indiya, Tharia Topan, shi ya aza harsashinsa a 1887, ya rasu bai ga ƙarshensa ba, sai 1894 aka kammala. Ya lalace sosai kafin gidauniyar Aga Khan ta gyara shi a shekarun 1990. Barandarsa katako ce da aka sassaƙa kamar leshi, tagogi da gilashi mai launi, in rana ta bugo sai kaga ja da kore a ƙasa. Kusa da nan akwai Ngome Kongwe, ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Portugal, yanzu cikinta masu zane ne da masu sayar da tsaraba da dandalin wasanni, shiga kawai kake.

Amma fa inda nake zuwa kullum da yamma lambun Forodhani ne. An fara shi a 1936 don bikin cikar Sarki Khalifa shekara 25 a kan mulki, daga baya ya zama kufai, katangar dake tare teku ma ta fara zubewa, sai gidauniyar nan dai ta gyara aka sake buɗewa a 2009. Abun da ya min daɗi ba'a mayar da shi na baƙi kaɗai ba, ba tikiti ba komai, bayan la'asar zaka ga dattawa akan benci suna shan iska, mata da yara akan ciyawa, samari kuwa suna sheƙowa da gudu suna tsunduma cikin teku daga saman katanga, ni dai gabana faɗuwa yake in suka yi. Magariba na yi masu abinci su kunna fitilu, hayaƙin gashin kifi ya turnuƙe ko'ina, ga masu matsar rake suna haɗawa da citta da lemun tsami. Gaskiya na fi ganin amfanin wannan gyaran akan na gidajen da aka mayar otal, waɗancan sun yi kyau ba laifi amma ɗan gari sai dai ya leƙa daga ƙofa.

Abun takaici ɗaya, Beit al-Ajaib, fadar da ke fuskantar lambun, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, shine gini na farko da ya samu lantarki a tsibirin, an bar shi ya daɗe ba kulawa, da aka tashi gyara da kuɗin Oman sai wani ɓangare ya rufta a Disamban 2020 har ma'aikata suka rasu, Allah ya jiƙansu. Daga nesa kawai na kalle shi.

Na shiga cocin Anglican ɗin da aka gina a filin kasuwar bayi bayan an rufe ta a 1873, shima an gyara shi. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa mutane, rufin ƙasa-ƙasa ga zafi, ban iya daɗewa ba na fito. Wannan sai mun haɗu.

In Allah yasa ka samu hutu ka taho, daga Dar es Salaam jirgin ruwa wajen awa biyu ne, ka zo da takalmi mara nauyi don yawon duk a ƙafa ne. Ka gaishe min da su Baba da madam, ka shafa min kan yara.

Naka,
abokinka