A rubuta mana sunan magani na asali a kan ordonans, wato takardar magani

Assalamu alaikum, Edita.

Ni tela ne a nan Tawa, kuma ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba sai yau. Ciwon mahaifiyata ne ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro, da wani abu da na gano a makare, wanda da na san shi tun farko da tunkiyar Inna tana nan a turkenta.

Wata takwas ke nan Inna tana fama da mafitsara. Fitsari zai taso mata kwatsam, kafin ta kai bayan ɗaki ya zubo, ƙasan cibiya kuma yana murɗa mata har sai ta dafa gini. Tsohuwar da ba ta fashin suna ko gaisuwar mutuwa a unguwa ta daina fita. Sai ta yi alwala uku kafin ta samu ta idar da Azahar. Ni ban sani ba, sai ranar da na ƙirga zannuwanta bakwai a kan igiya na tambayi matata, domin kunya ba za ta bar Inna ta faɗa wa ɗanta irin wannan ba.

Muka je likita. Lokotoro ya sa aka auna fitsari tukuna, tunda ciwon sanyi da tsargiya su ma suna kawo haka, aka ga ba su ba ne. Ya rubuta magani biyu, ɗaya na kwantar da mafitsara, ɗaya na murɗawar ciki. Ganin lokotoron bai cinye ni ba, don a 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi, kuma an gode. Sai dai ragin a bakin ƙofar asibiti ya tsaya. A farmasi aka buga mini jika 13 na wata guda. Kyautar magani da aka fara a 2006 ta yara ce 'yan ƙasa da shekara 5 da awon mata masu juna biyu, babu wanda ya sa tsohuwa mai shekara 70 a lissafin.

Watan farko na biya. Na biyu ƙanena ya turo daga Abijan. Na uku tunkiya ta tafi kasuwa. A na huɗu ciwo ya dawo, muka rasa dalili, sai matata ta kwance ƙullin bakin zanen Inna ta samu ƙwayoyi tara a ciki. Ashe yau ta sha, gobe ta tsallake, wai tana rage mini nauyi. Na ce, "Inna, me ya sa?" Ta ce, "Kai ma da iyali gare ka."

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Mai tallar magani a tire ya nuna mini wasu ƙwayoyi babu kwali, sun wuni a rana, ya ce duk aikinsu ɗaya, dala ashirin. Wani maƙwabci ya ce ai daga dangin zaƙami Turawa suke ciro maganin murɗar ciki, a jiƙa mata kawai. Gaskiya ne akwai irin wannan sinadari a zaƙami, amma ba banza ake kiransa haukata-yaro ba, kuma ba ni da ma'aunin da zan auna wa uwata shi.

Wani dare na shiga farmasin da ke gadi, kuɗina bai kai ba, ina ta jujjuya takarda. Yarinyar da ke bayan kanta ta karɓa ta duba, ta ce, "Malam, wanga da anka rubuta kake so, ko jenerik?" Ban taɓa jin kalmar ba. Ta juya kwalin ta sa farce a ƙarƙashin babban sunan, inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe: oxybutynine 5 mg. Ɗayan kuma phloroglucinol. Ta ce wannan shi ne maganin, babban sunan na kamfani ne. Kamfanin da ya fara ƙirƙiro magani yana da shekara 20 shi kaɗai yake da izinin yin sa, bayan nan wasu ma su yi, ƙwaya ɗaya, ƙarfi ɗaya, kwali ne kawai ya bambanta. Na gane nan take, don ni ma na san yadi ɗaya ne ake liƙa wa tambari biyu. Abin da na biya a daren bai kai rabin na da ba.

Washegari na koma wurin lokotoro da kwalayen, don ban yarda in canja wa Inna magani da ka ba. Ya ce daidai ne. Da na ƙara tambaya ya ce na cikin ma ba kullum ake sha ba, sai murɗar ta taso. Wata huɗu muna ba ta shi safe da yamma! Ban ce ya yi da gangan ba, layin da ke ƙofarsa ya kai har rumfa. Amma kalma biyu da ta ishe ni.

Roƙona ke nan ga lokotorori da majoji: ku rubuta sunan asali, ku kuma faɗa wa mai jinya wanne ne dole, wanne ne na lokacin buƙata. Masu farmasi su ma su fara tambayar da yarinyar nan ta yi mini, domin wanda bai shiga lakwal ba ba zai tambayi abin da bai san da shi ba. Hukumar ONPPC da ke da farmasin gwamnati a garuruwanmu ta ƙoƙarta kada irin waɗannan su yanke, ba maganin masassara kaɗai talaka yake sha ba.

Maganin mafitsarar yana busar da baki yana rage gumi, a zafin Afrilu na Adar kuwa wannan ba wasa ba ne, shi ya sa muka mayar da tabarmar Inna kusa da randa. Makon jiya kawuna, wanda fitsari ke yi wa gardama, ya aiko a ba shi ƙwaya biyu ya gwada. Na hana, don lokotoro ya ce namiji mai kumburin da ke toshe hanyar fitsari in ya sha, fitsarin yana iya ɗauke masa gaba ɗaya. Har yau kawu yana fushi da ni. Inna kuwa ranar Juma'a ta je suna gidan ƙanwarta, da zane ɗaya ta je ta dawo.

Naku,
Wani tela daga unguwar Bilbis, Tawa