A Yi Mana Shiri Kan Littafin Bhagavad Gita

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙona shi ne gidan rediyonku ya ware shiri guda a kan Bhagavad Gita, littafin da mabiya addinin Hindu ke girmamawa ƙwarai.

Shekara da shekaru muna kallon finafinan Indiya, yanzu har fassara su ake yi da Hausa, amma in ka tambayi mai kallo me mutanen nan suka yi imani da shi, amsar ba ta wuce "ai shanu suke bauta wa". Wannan yana damuna.

Littafin baiti 700 ne a babi 18, da harshen Sanskirit, cikin doguwar waƙar Mahabharata. Zance ne tsakanin Arjuna da Krishna, a fagen daga aka yi shi, a Kurukshetra, jihar Haryana ta yau. Jarumi Arjuna ya dubi rundunar da zai yaƙa, sai ga 'yan uwansa na jini, ga kakansa Bhishma, ga Drona malamin da ya koya masa harbi. Jikinsa ya yi sanyi, ya ajiye baka, ya ce ba zai yi ba. Krishna, mai tuƙa masa keken doki, wanda Hindu ke bauta wa, shi ya amsa masa: rai ba ya mutuwa, jiki yake sauyawa kamar mai sauya tufafi, sauke nauyin da ke kanka ba da kwaɗayin sakamako ba, ka miƙa aikin ga abin bautarka.

Ni Musulmi ne, batun rai ya koma wani jikin ya saɓa wa aƙidata. Amma tambayar Arjuna ta taɓa ni: yaya mutum zai yi in wajibi ya ci karo da zumunci? Indiyawan kansu ba su yi wa amsar fahimta ɗaya ba. Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, wanda ya fara karanta littafin da Turanci yana ɗalibi a Landan, ya ɗauki yaƙin a matsayin kokawar mutum da zuciyarsa, ya ƙi zubar da jini. Godse kuwa, wanda ya harbe shi a 1948, da labarin Arjuna ya kare kansa a kotu.

Don Allah ku gayyato malamin nazarin addinai daga jami'a, ku ba shi ko da rabin awa, sannan a buɗe layin waya mu yi tambayoyi.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya