Godiya ga ma'aikatan North Rim na Grand Canyon

Assalamu alaikum. Wallahi tun watan Yuni na 2024 nake cewa zan rubuta wannan godiyar Allah bai yi ba, sai da na ji labarin gobarar daji mai suna Dragon Bravo ta cinye tsohon masaukin nan na Grand Canyon Lodge da ke North Rim, wato gefen arewa na babban kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona ta Amurka, a Yulin 2025, nace to ai nauyi ya hau kaina.

Ni da mai ɗakina da yara uku muka taso daga birnin Phoenix zamu North Rim ɗin. Daren farko mun kwana a wani wurin kafa tanti na 'yan kasuwa a hanya, ba zan kama suna ba, kuɗi kam sun karɓa amma famfo ba ruwa, banɗaki kuwa sai dai ka toshe hanci, na je nayi magana yaron ko ɗago kai bai yi daga waya ba. Da asuba ina sallah wani ya zo yana haska ni da tocila kamar ya kama ɓarawo. To da wannan zuciyar muka hau hanya ta 67 daga Jacob Lake, ina ta cewa madam in can ma haka ne gida zamu juya.

Mu da muka saba da zafin Arizona ƴan riguna shara-shara muka ɗebo, ashe wajen ya haura ƙafa 8,000 a sama, rana na faɗuwa sanyi ya sauko kamar na Jos a tsakiyar hunturu, har ya fi. Wata dattijuwa cikin ma'aikatan wurin ta zo zagaye ta same ni ina magariba a gefen tanti. Ta tsaya nesa, tayi shiru har na sallame sannan ta ƙaraso ta gaishe mu. Ganin ƙaramar ƴata na rawar ɗari ta koma motarta ta ɗauko mana barguna biyu, ta kuma nuna min yadda zan juya bakin tantin ya ba iska baya. Ko sisi bata nema ba, Allah ya saka mata da alheri.

Ita ce ma tace kar mu tsaya iya wurin kallo na Bright Angel Point, mu yi sammako zuwa wani wurin kallon mai suna Cape Royal. Mun je, mun hango kogin Colorado ta kafar dutsen Angels Window, mutanen da muka tarar basu fi a ƙirga da yatsu ba. Ashe cikin baƙi 10 kusan 1 ne kawai ke zuwa wannan ɓangaren, don daga South Rim, wato gefen kudu, sai ka zagaya mil sama da 200 a mota.

Abin da ke ban haushi, wannan fa ma'aikaciyar gwamnati ce. Ofisoshi nawa na shiga, a nan Amurka da can gida, sai ka yini a benci a ce oga baya nan ka dawo gobe, ka dawo goben a ce fayil ɗinka ya ɓata. Ita kuwa da safe da na kai mata bargunan sai tace mu riƙe tukuna, ai sauran mu dare ɗaya.