Wasiƙa zuwa ga Shehi a Alƙahira

Kano, 24 ga Nuwamba, 2024

Shehi,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Masar? Nan ma hunturu ya fara leƙowa, alwalar asuba sai da ruwan ɗumi. Hajiya tana gaishe ka, ta ce dabino ya iso, turaren ne har yanzu take zuba ido. Saƙon muryarka na ji shi tun ranar Talata. Ka tambaye ni dalilin da ya sa na fice daga zauren 'yan ajinmu na WhatsApp ba sallama. Na ɗauki waya zan amsa da baki, na ga zancen ya fi ƙarfin minti biyu, sai na zauna na rubuta.

Ni da Dogo ne. Wata biyar cur ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba. Dogon da muke cin kwano ɗaya tun firamare fa.

Ka tuna ranar 23 ga Mayu, da majalisar dokokin jiha ta soke dokar masarautu biyar ta 2019, aka maido da Sarki Sanusi kan karaga, bayan kwana biyu ya shiga Gidan Rumfa, Sarki Aminu kuma ya sauka a Gidan Nasarawa? Daren nan zauren ya kama da wuta. Kai kana can kana haddar Alfiyya, na san ba ka bi ba. Ni abin da na rubuta shi ne, da abin da aka yi a 2019 da 2020 da wanda aka yi yanzu duk kanwar ja ce, tunda sarauta ta koma hannun duk wanda ke gidan gwamnati. Dogo, ka san shi da jar hula, ya ce ashe dama ni ɗan Gandujiyya ne na ɓoye. Na mayar, ya mayar, har ƙarfe biyun dare. Mutum sama da tamanin suna kallo, wasu na zuba mana hoton wuta da na tafi. Can sai na rubuta masa: “Nawa ake tura maka na data a wata?”

Shehi, na san lokacin shagonsa ya mutu, na san da ƙyar yake kai cefane gida. Da sanina na soke shi a nan, don in ji an ce na kayar da shi. Magana zarar bunu. Na goge bayan minti goma, amma kowa ya riga ya gani. Bai ƙara cewa uffan ba, ni kuma da gari ya waye kunya ta sa na fita.

Ƙarshen Oktoba matarsa ta haihu, a bakin wasu na ji. Hajiya ta kira ni ɗaki ta ce ko sarakunan da muke faɗa a kansu 'yan uwan juna ne, kuma babu wanda ya san da zamana a cikinsu, in tashi in je suna. Na je ƙafata na sanyi. Bayan an watse muka zauna a tabarma ɗaya da kwanon waina a tsakani, na ba shi haƙuri, idona har ya kawo ruwa. Ka san me ya ce? Ya ce wallahi tun a daren ya san akwai gaskiya a maganata, domin gwamnan da zai zo gobe shi ma zai iya tara 'yan majalisa ya rushe komai cikin yini ɗaya. “To amma a gaban mutum tamanin zan ce ka fi ni gaskiya?” Ni ma na faɗa masa abin da na ƙi faɗa a zaure, cewa yadda aka datsa masarautar da ta shekara ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki a 2019 bai taɓa kwanta mini ba. Cikin rabin sa'a muka gama abin da muka kwana muna yi ba mu gama ba.

Tun ranar nake juya abin a raina. Da ni da shi duk mun ji hujjar juna tun farko, ta kuma shige mu. 'Yan kallo ne suka hana mu amsawa. A teburin mai shayi in musu ya yi zafi, wani dattijo zai ce ku yi salati, a kira sallah, ku tsaya sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa, gobe kuma ku haɗu. A waya ba dattijo, ba fuska, kuma abin da ka rubuta yana nan ana ɗaukar hotonsa. Shi kansa Facebook abin da ya fi tayar da ƙura shi yake turo wa mutane, domin shi ke riƙe su a kan waya. Ga kuma 'yan data na gaske, waɗanda musun nan sana'arsu ce kamar sojojin baka a rediyo. Wanda abincinsa ke cikin kare maigidansa, wace hujja za ka kawo masa?

Kuma dubi 2023. Shekara guda muna yanka juna a intanet, ranar 25 ga Fabrairu cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista ko kashi 30 cikin ɗari ba su fita ba. A layinmu matan da suka fi kowa sammako ba su da Facebook. Abin da ke bakinsu wahalar sabon kuɗi ce da abin da suka ji a rediyo.

Af, kafin in manta, Ustaz ya ƙara aure. Ustaz ɗinka dai, mai cewa tsada ta hana. Ka shirya amsar da za ka ba shi, don ya ce kai kaɗai ka rage, ko sai ka zama Shaihul Azhar tukuna?

To, da na tsaya nan da sai in ce maka duk ɓata data ne. Amma abin da ya faru farkon watan nan ya hana ni faɗin haka. Ka ga bidiyon yaran da aka kama tun zanga-zangar Agusta, aka kawo su babbar kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba? Wata uku a tsare, ƙashin haƙarƙari a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka kuma sa belin naira miliyan 10 kan kowane. Da yawansu 'ya'yan Kano ne da Kaduna. Na kasa cin abinci ranar. Amma abin da na gani a waya ban taɓa ganin irinsa ba: jar hula, 'yan APC, mutanen Obi na Legas, malamai, kowa bakinsa ɗaya. Ranar 4 ga wata Tinubu ya ce a sake su, washegari aka sallame su. Ba na jin da an yi shiru da sun fito a wancan makon. Sai dai lura, babu wanda ya kayar da wani a musu. An nuna wa mutane abu ne da idonsu, gani kuwa ya kori ji.

Sai kuma Likita. Ka san bai taɓa rubuta ko harafi a zauren ba. Mun haɗu a Kantin Kwari ya riƙe hannuna ya ce daren nan ya karanta komai, kuma maganata ta farko ta sa ya sake tunani, kafin in ɓata ta da zagi. Watau wanda nake yi domin shi bai motsa ba, wanda ya motsa ban ma san yana wurin ba. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Da na yi maganata sau ɗaya na ajiye waya, da na samu Likita ban rasa Dogo ba.

Dogo ya ce in dawo zauren, zai sa a mayar da ni. Ban amsa ba tukuna. Ina so, don nan ake jin rasuwa da haihuwa, amma ina tsoron 2027 tun yanzu, ga shi har an fara. Kai me ka gani? Ka faɗa mini tsakani da Allah, ban da wa'azi.

Yarinyar sunanta Amatullahi, suna kiranta Ummi, kamarsu ɗaya da Dogo har tsawon yatsu. Ya buɗe ɗan teburin cajin waya a bakin titi, Alhamdu lillahi ana samu. In za ka aiko turaren Hajiya ka haɗo da 'yar riga ta jarirai, ni zan kai da kaina. Ka gaida mutanen ɗakinku, musamman Bazazzagin nan mai dafa muku shinkafa.

Naka har kullum,
Abokinka na Fagge