Barka da Sallah daga bakin kogin Kenai

Soldotna, jihar Alaska, Amurka
Asabar, 10 ga Zulhajji 1443, daidai da 9 ga Yuli 2022

Zuwa ga Baba da Inna, da dukkan mutanen gidanmu a Argungu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ni da maiɗakina da jikokinku biyu muna yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Baba, na ga hoton ragon da Yaya ya turo, kuma na gode da kuka tsaya a kan layyata kamar yadda aka saba, domin a nan samun rago da wurin yanka shi ba ƙaramin aiki ba ne. Mun bar gida da sassafe, muka yi tafiyar kusan awa uku a mota zuwa birnin Anchorage, inda muka yi sallar Idi tare da 'yan'uwa Musulmi daga Somaliya da Sudan da Gambiya da sauran ƙasashe. Yanzu da nake wannan rubutu ƙarfe goma na dare ne a agogonmu, ku kuwa kuna ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi, amma har yanzu rana tana bisa kan itatuwa, kuma ba za ta faɗi ba sai bayan ƙarfe sha ɗaya.

Sallar bana ta zo mana a kan gaɓa, domin gobe, 10 ga Yuli, ake buɗe su a bakin kogin Kenai, kuma zai ci gaba har 31 ga wata. Na san Kawu zai yi dariya idan ya ji cewa ɗan da ya gudu daga ruwa ya tafi makaranta, ga shi ya dawo cikin ruwa da ƙafarsa, to ku gaya masa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kogin nan tsawonsa kamar kilomita 130 ne, yana fitowa daga tabkin Kenai, ya ratsa tabkin Skilak, ya bi ta tsakiyar garinmu, sannan ya faɗa teku. Ruwansa daga narkakkiyar ƙanƙarar duwatsu yake zuwa, shi ya sa launinsa tsanwa-tsanwa ne mai haske, sanyinsa kuwa ko a tsakiyar wannan lokaci na zafi yana iya ƙandarar da hannun mutum cikin ɗan lokaci. Kifin da ake nema sunansa salmon. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya sauka teku ya yi wasu shekaru yana girma, sa'an nan ya hauro kogin da aka haife shi don ya yi ƙwai, kuma da ya gama ƙwan sai ya mutu. Iri biyar ne a nan, amma wanda mu talakawa muke ajiyewa don abinci shi ne ja, wanda nauyinsa kan kai kilo biyu zuwa uku, tsokarsa kuma ja ce wur kamar an shafa mata manja.

Abin da ya fi ba ni mamaki tun zuwana shi ne kayan aikin. Wata homa ce babba, da'irar ƙarfe mai faɗin da doka ba ta yarda ya wuce ƙafa biyar ba, an ɗaura mata raga, an kafa ta a kan doguwar sanda. Mutum zai sa wandon roba da ke zuwa har ƙirji, ya shiga ruwa, ya miƙa homar gabansa, ya tsaya yana jira a cikin sahu, kafaɗa da kafaɗa da mutanen da bai taɓa gani ba. Ranar da na fara ganin wannan cincirindon sai na tuna da Matan Fada a ranar bikin su, sai dai a nan babu gora, babu kalangu, babu mai yi wa kowa kirari, kuma kowa fuskarsa a murtuke saboda sanyi. Bara, wadda ita ce shekarata ta farko da samun izini, na tsaya fiye da awa ɗaya ban ji komai ba, har na fara tunanin ko na riƙe abin a baibai. Can sai na ji an bugi sandar kamar an yi mata naushi, ni kuwa maimakon in juya bakin homar sama in ja da baya, sai na yi ƙoƙarin ɗaga ta kamar yadda Kaka, Allah ya jiƙansa, yake yi da tasa. Igiyar ruwa ta kwashe mini ƙafa, ruwa ya cika mini wando, kifin ya tafi abinsa. Wani dattijo da ke gefena ne ya kamo ni ta kafaɗa, ya nuna mini yadda ake jan homar a ƙasa har zuwa kan yashi, a buga wa kifin ɗan kulki a ka, a yanke masa maƙoshi don jini ya fita. Kafin yamma na kama goma sha ɗaya.

Dokar abin tana da tsauri, kuma a ganina tsaurin nan ne ya sa har yau akwai kifin. Wannan irin su na mazauna Alaska ne kaɗai, waɗanda suka cika wata goma sha biyu a jihar, kuma baƙo ko riƙe maka sanda ba a yarda ya yi ba. Maigida yana da kifi 25 a shekara, kowane mutum a gidansa kuma yana da 10, wato mu huɗu muna da 55. Kafin ka bar bakin ruwa dole ka datse bakin jelar kowane kifi sama da ƙasa, ka rubuta adadin a takardar izininka, kuma laifi ne ka sayar da ko guda ɗaya. Hukumar kifi da namun daji ta jihar tana da na'ura a cikin kogin da ke ƙirga kifin da ya wuce, tana sanar da adadin kullum, kuma jan kifin nan kan wuce miliyan ɗaya a shekara. Babban cikin iri biyar ɗin nan na salmon, wanda suke kira sarki, shi ne ya shiga wani hali. A wannan kogin ne wani mutumin Soldotna mai suna Les Anderson ya kama mai nauyin kilo 44 da fatsa a watan Mayun 1985, amma a 'yan shekarun nan ya yi ƙaranci ƙwarai, har hukuma takan taƙaita kama shi ko ta hana gaba ɗaya. Baba, na tuna da yadda kuke faɗin girman giwan ruwa a zamanin ƙuruciyarku.

Inna, ki kwantar da hankalinki game da abinci. Rabin kifin muna yanka shi mu sa a firiza, rabi kuma mu jiƙa shi a ruwan gishiri mu yi masa banda a wata 'yar bukkar katako da maƙwabcinmu ya ba mu aro, kuma surukarki tana yin farfesunsa da daddawa da yajin da kika aiko, har maƙwabtan suna tambaya. Yara sun saba da daji fiye da ni, suna tsinkar 'ya'yan itatuwa a watan Agusta, sun kuma san cewa idan an ga dabbar da ake kira mus, wadda ta fi doki tsayi, tana tare da ɗanta, to a ba ta hanya. Akwai beyar ma, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, a wuraren da kifi yake taruwa, saboda haka ba ma barin kayan cikin kifi kusa da gida.

Yanzu sai in zo ga maganar da ta sa na zaɓi takarda maimakon waya. Shekara uku ke nan muna haya, kuɗin hayar kuma kullum ƙaruwa yake yi, musamman da yake masu gidaje da yawa sun gane cewa bai wa baƙin masunta haya a watannin zafi ya fi musu riba. Saboda haka muka fara duba gidan saye. Da farko zuciyata ta kwanta da wani gida a bakin kogi, wanda daga tagar ɗakin girkinsa ana hango ruwa, amma da na bincika sai jikina ya yi sanyi. Kuɗinsa ya ninka na irinsa da ke nesa da ruwa, sannan duk abin da ke cikin ƙafa hamsin daga bakin kogi yana ƙarƙashin dokar kare mazaunin kifi, ba ka da ikon sare itace ko kafa gini a wurin sai da izini, domin a inuwar ciyayin gaɓa ne 'ya'yan kifin suke fakewa. Ga kuma ambaliya, don akwai tabkunan da ƙanƙara take tarewa a can cikin duwatsu, waɗanda lokaci-lokaci sukan ɓalle su tumbatsa kogin, kuma a watan Janairun 2007 irin haka ta faru a tsakiyar hunturu, manyan ƙanƙara suka kakkarya matakalai da mashigan jiragen mutane. Mu da muka san abin da gulbi yake yi wa fadama a damina ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Wanda muke kallo yanzu ƙaramin gida ne mai ɗaki uku, tafiyar minti goma a mota daga kogin. Sayen gida a nan ya sha bamban da namu, domin da yawa daga gidajen bayan gari kowanne da rijiyar burtsatsensa da shaddarsa, kuma dole a kawo masani ya gwada ruwan, ya duba shaddar, ya hau rufi ya tabbatar zai ɗauki nauyin dusar ƙanƙara, ya kuma duba harsashin ginin saboda ƙasar nan ta girgiza ce. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne na'urar ɗumama gida, don idan ta tsaya a watan Janairu bututun ruwa sukan daskare su fashe cikin dare ɗaya. Akwai kuma busassun itatuwan da ƙwaro ya kashe a bayan gidan, waɗanda sai an sare su, domin gobarar daji ta 2019 da ta riƙa rufe babbar hanyarmu ta zuwa Anchorage ba ta fita daga ran kowa ba. Bayan an saya ma, kowace shekara akwai harajin gida da ake biya wa ƙaramar hukuma.

Babbar damuwata ita ce hanyar biya. Yawancin mutane a nan bashin banki suke ci na shekara talatin da kuɗin ruwa, wanda a farkon shekarar nan yake wajen kashi uku cikin ɗari, yanzu kuma ya haura biyar. Ko da bai hau ba, ba na son in kwantar da iyalina a ƙarƙashin rufin da zuciyata ba ta natsu da shi ba. Akwai kamfanoni a Amurka da ke yin tsarin musharaka, inda kai da su kuke mallakar gidan tare, kana biyan hayar kasonsu kana kuma saye shi kaɗan-kaɗan har ya zama naka, kuma na rubuta wa biyu daga cikinsu ina jiran amsa. Idan takardunsu suka zo zan fassara sharuɗɗan in aiko, ina roƙon Baba ya kai wa Malam Liman ya duba mana, domin ba zan sa hannu a kan komai ba sai da yardarku da albarkarku. Ku kuma sani cewa filina na bayan gidan Gwaggo yana nan a raina, kuɗin bulo da nake aikowa ba zai tsaya ba saboda wannan. Ina fatan samun amsarku kafin watan Oktoba, lokacin da dusar ƙanƙara take fara sauka, don daga nan duba rufi da shadda yakan yi wuya.

A gaishe mini da Gwaggo da Kawu da Yaya da iyalinsa, da Auta wadda har yau ba ta turo mini sakamakon jarrabawarta ba. Zan dakata a nan in rufe labule in nemi barci, domin ƙarfe shida na safe ake buɗe ruwa, kuma babban jikanku ya riga ya jingina homar a jikin mota.

Wassalam,
Ɗanku mai neman albarkarku.